Ruwa na taruwa a kwarmin jirgina, ta ina yake shiga?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da ƙaramin jirgin ruwa na shaƙatawa, na faiba, mita shida da rabi. Injin fetur ne a cikinsa, ƙafar farfela kuma tana waje ta baya. Na hannu ne daga Amurka, a lagun ɗin Legas yake kwana a ɗaure. Wata biyu ke nan duk ƙarshen mako sai na tarar da ruwa kamar bokiti biyu a ƙasan cikinsa. Makaniki ya bi wurare ya shafe da gam, abin bai daina ba. Ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. A ce wa makaniki ya ajiye gam ɗin nan tukuna. Inda ka ga ruwa ya kwanta ba nan ya shigo ba. Kwarmin jirgi, wanda makanikan bakin ruwa ke kira bilij, shi ne wuri mafi zurfi a cikin jirgi, saboda haka ko ta hancin jirgin ɗigo ya shiga, ko ta taga, ko ta bayan inji, can zai gangara ya taru. Wanda ya fara da neman ƙofa yakan ɓata sati yana shafe-shafe. Abin da ake fara nema shi ne wane irin ruwa ne, yaushe yake zuwa, kuma nawa ne yawansa. In ka san waɗannan, wuraren da za ka zarga ba za su wuce biyu ko uku ba.

Kafin ka sa hannu, buɗe murfin inji ka sunsuna. Tururin fetur ya fi iska nauyi, a kwarmi yake kwanciya, kuma tartsatsi ɗaya ya ishe shi. In ka ji warin fetur, ko ka ga ruwan yana ƙyalli kala-kala a sama, kada ka kunna komai, kada ka taɓa kan batir, kada kuma ka kawo injin zuƙar ruwa mai aiki da lantarki. Buɗe ko'ina iska ta shiga, a fara gano inda mai ke yoyo. Irin wannan ruwan ba a watsa shi cikin lagun, a jarka ake kwashe shi. In jirgin yana jone da wutar gaɓa, zare wayar kafin ka tsoma hannu. Kuma duk lokacin da za ka tayar da inji a binciken nan, bar fankar zuƙe iska ta yi aƙalla minti 4 tana aiki.

To, bari mu yi lissafin bokitin nan naka. In bokitin mai lita 10 ne, lita 20 ke nan a mako, kusan lita 3 a rana. Ɗigo 20 ne ke yin mililita ɗaya, a ƙiyasce. Ɗigo ɗaya a kowace daƙiƙa, dare da rana, yana tara lita 4 da 'yan kai. Ke nan in bokiti biyun nan su ne gaba ɗayan ruwan, abin da kake nema ɗigo ne wanda bai ma kai ɗaya a daƙiƙa ba, ba rami ba. Sai dai akwai mai ɓoye laifi a jirgin, wato famfon kwarmi mai tashi da kansa. Yana iya tashi sau goma a dare ya kwashe ruwa ba wanda ya sani, abin da ka tarar ranar Asabar ragowa ce kawai. Haka jirage da yawa ke nutsewa a inda aka ɗaure su: famfo ya yi ta rufa asiri har ranar da batir ya mutu. Don haka ka san ainihin yawan. Akwai ƙaramar na'ura mai ƙirga sau nawa famfo ya tashi, ana jona ta a wayarsa. In babu, zura guntun tiyo a bakin da famfon ke fitar da ruwa, ka kai shi cikin jarkar da ka rataya a gefen jirgi, da safe ka ga abin da ya taru. Kashe famfo don gwaji ba laifi ba ne muddin kana zaune a jirgin. Kada ka kashe shi ka tafi gida.

Sai busarwa, kuma a nan mutane ke yin ganganci. Kwashe ruwan da famfo, ragowar da soso, sannan a wanke kwarmin da sabulu da ruwan famfo, a goge da tsumma har ya bushe ƙayau. Wankin nan yana da dalili: tsohon gishiri da ya bushe a jiki zai narke cikin sabon ruwa ya yi maka ƙarya. A ƙarƙashin daɓen jirgi akwai haƙarƙari da suka raba kwarmin ɗaki-ɗaki, kowanne da ƙaramar kafa a gindinsa da ruwa ke bi ya gangara baya. Kafofin nan sukan toshe da yashi, ganye, guntun waya. Zura waya mai kauri ka buɗe su duka. In ba haka ba, ruwan da ya maƙale a gaba tun damina zai riƙa tsiyayowa kaɗan-kaɗan duk lokacin da jirgi ya motsa, kai kuma ka yi ta neman yoyon da babu shi. Ba da kwana ɗaya, ka sake gogewa, sannan gwaji ya fara.

Ruwan da ya fara dawowa shi za ka ɗiba a kofi mai tsabta. Tsofaffin matuƙa ɗanɗanawa suke yi. Ban ba ka wannan shawarar ba, domin kwarmi mahaɗar mai ce da ruwan batir da sauran ƙazanta. Ɗiga kaɗan a kan baƙar leda ko baƙin faranti, ajiye a rana. Ruwan teku yana ɗauke da gishiri kimanin giram 35 a lita, in ya bushe za ka ga fari fat. Ruwan sama ba ya barin komai sai ɗan datti. Amma lagun ɗin Legas yana da nasa hali: da rani gishirinsa yana ƙaruwa, da damina kuwa ruwan koguna yakan rinjaye shi har ya kusa zama ruwan daɗi. Saboda haka kada ka gwada ruwan kwarmi shi kaɗai. Ɗebi na gefen jirgi a wani kofin, ɗiga su gefe da gefe. Ƙaramin ma'aunin gishirin ruwan nan mai kama da biro da masu sarrafa ruwan leda ke amfani da shi ya fi ido: in lambar ruwan kwarmi ta yi kusa da ta lagun, daga ƙasa ruwan ke shigowa, in ta yi ƙasa sosai, daga sama ne ko daga tankin jirgi. Wanda jirginsa ke tafkin Kainji ko madatsar Tiga ko kogin Neja a Yamai, gwajin gishiri ba zai yi masa amfani ba, sai dai ya dogara da lokacin zuwan ruwan. Sauran alamomin ba su da wuyar karantawa. Ruwa mai ɗumi bayan tafiya daga inji yake. Mai launin kore, ja-ja ko ruwan goro, mai santsi a yatsa, ruwan sanyaya inji ne. Mai kumfar sabulu daga wurin wanka ko wanke hannu. Mai launin shayi, wanda ke tsattsafowa daga ramin sukuru, ya ratso ta cikin katako ne, kuma wannan labari ne marar daɗi da za mu dawo kansa.

Yanzu lokaci. Samu littafi ka riƙa rubutawa, domin ƙwaƙwalwa tana cakuɗa kwanaki. Kwana ɗaya jirgi a ɗaure, inji a kashe, ba a yi ruwan sama ba: ruwa ya zo? Wata rana a tayar da inji a bar shi minti 20 a inda yake ba tare da an sa giya ba. Wata rana a fita a yi gudu, a yi kwana hagu da dama, a ja da baya. Sannan a duba bayan an tafka ruwan sama. Kowane gwaji a fara shi da busasshen kwarmi, kuma kada a haɗa biyu rana ɗaya. Lokacin hunturu ya fi daɗin wannan aikin, tunda sama ta ɗauke ƙafa, an rage mai laifi ɗaya.

Bin sawun ruwa kuwa da hoda ake yi. Barbaɗa hodar jarirai ko garin alli a busasshen jikin kwarmi, kewaye da kowane abin da ya ratsa jikin jirgi, da kuma gindin bangon baya. Ɗigo in ya gangara zai bar layi a cikin hodar kamar sawun kiyashi a rairayi. Bi layin zuwa sama har inda ya ƙare, nan ne mafarinsa, ba inda ya fi jiƙa ba. A wuraren da hannu ba ya kaiwa, naɗa busasshen tishu a wuyan kowane tiyo da kowane bawul, ka dawo bayan awa ɗaya ka ga wanda ya jiƙe. Tocila mai ƙarfi, ƙaramin madubi, da wayarka a kan bidiyo ka zura ta bayan inji, sun ishe ka. Da daddare ɗigo ya fi ƙyalli a hasken tocila.

In ruwa ya zo alhali jirgi na tsaye, inji a kashe, ba ruwan sama, to ƙasa da layin ruwa, wato iyakar da ruwa ke kaiwa a jikin jirgi ta waje, matsalar take. Fara da mafi araha: matoshin da ke gindin bangon baya, wanda ake cirewa a zubar da ruwa in an fitar da jirgi tudu. Zoben robarsa yakan bushe ya tsage, ko a ɗaura shi a karkace, ko kuma gidan da yake shiga ya saki daga jikin faiba. Sai duk wani abu da aka huda jirgi aka ɗaura: na'urar auna zurfi, matakalar hawa daga ruwa, dandamalin baya, faifan daidaita gudu, fitilun ƙarƙashin ruwa. Kowane sukuru ƙofa ce. Sai bawul-bawul na jikin jirgi, in akwai. Rufe su duka dare ɗaya. In ruwa ya tsaya, riƙa buɗe ɗaya-ɗaya har mai laifin ya bayyana. In bai tsaya ba kuma gindin wani yana jiƙe, tsakanin bawul da jikin jirgi ne yoyon, wannan sai an fitar da jirgi tudu. Kankare jikin bawul ɗin kaɗan da wuƙa: in ƙarfen ya fito ruwan hoda-hoda maimakon rawaya, gishiri ya cinye sinadarin zinki da ke cikinsa, ya zama kamar biskit. Hakan na faruwa idan an sa bawul ɗin famfon gida a madadin na jirgi. Kada ka matsa masa da sifana jirgi na kan ruwa. Kilif ɗin da ke riƙe tiyo kuma ta ƙasa yake ruɓewa, inda ido ba ya gani, sai ka shafa ko ka leƙa da madubi. Duk tiyon da ke ƙasa da layin ruwa a ba shi kilif biyu marasa tsatsa in wuyan ya isa ɗaukar biyu.

Amma a irin jirginka, in za a tambaye ni inda zan fara haska tocila, zan ce inda ƙafar farfela ta ratsa bangon baya. Babban rami ne aka yanka a wurin, kuma abin da ke tsakaninka da lagun roba ce. A ƙafar MerCruiser irin Alpha, wadda ta fi yawa a jirage masu girman naka, akwai robobi uku masu ninki-ninki kamar zugazugin maƙera. Babbar tana rufe gaɓar sandar da ke kai ƙarfin inji zuwa farfela. Ta biyu ta hayaƙi ce. Ta uku ƙarama ce, ba ta wuce kaurin babban yatsa da yawa ba, tana rufe wayar canza giya. Ta hayaƙi in ta yage ƙara za ka fi ji. Sauran biyun kuwa in suka tsage, kai tsaye ruwa ke bi ya shigo ciki. Ƙaramar nan ita aka fi mantawa da ita. Ƙafar Volvo Penta tsarinta ya ɗan bambanta, amma ita ma da roba take rufe gaɓar.

Tsagar a cikin kwarin ninkin take ɓuya. Shekaru, zafi da gishiri suna busar da robar, ƙananan halittun teku masu kaifin ɓawo da ke manne wa jirgin da ke kwana a ruwa kuma suna yanka ta duk lokacin da aka juya sitiyari. Shi ya sa yoyonta ke da wayo: in ƙafa tana ƙasa a miƙe ninkin ya rufe tsagar, in an ɗaga ta ko an karya sitiyari sai ta buɗe baki. Ga gwajin da ba ya cin ko sisi. Dare ɗaya bar ƙafar a ƙasa, sitiyari a tsakiya, auna ruwan da safe. Dare na biyu ɗaga ta sama, sake aunawa. In bambancin ya fito fili, ka kama ɓarawonka. Daga ciki kuma, kwanta ka haska bayan inji, sa wani ya riƙa juya sitiyari daga ƙarshe zuwa ƙarshe yana ɗaga ƙafar yana saukewa. Za ka ga siririn ruwa na gangarowa daga ƙarƙashin farantin ƙarfen da ke manne da bango. In kana jin gurnani daga baya duk lokacin da ka yi kwana a hankali, ruwa ya riga ya kai ga boris ɗin da sandar ke bi ta ciki, ya yi tsatsa. In aka zo gyara, jirgi tudu zai fita, a cire ƙafar, a canza robobin uku gaba ɗaya, a duba boris da gaɓar sandar. Canza ɗaya a bar biyu asarar kuɗin aiki ne, tunda sa'annin juna ne. Kuma ka daina barin ƙafar a ɗage tsawon mako in zurfin wurin ya ba da dama a sauke ta.

In robobin lafiya lau suke amma ruwa na fitowa ta kewayen farantin, sai a tuhumi bangon da kansa. A jirage da yawa katako ne a tsakiyar bangon baya, faiba ta lulluɓe shi ciki da waje. Ruwa in ya samu shiga ta ramin sukuru ɗaya, shekara da shekaru yana ruɓar da katakon, bango ya yi laushi, notocin da suka matse farantin su saki. Ƙwanƙwasa bangon da ƙotar sukudireba: lafiyayye yana amsawa ƙwal-ƙwal, ruɓaɓɓe kuwa dif-dif. In jirgi na tudu, kama ƙafar ka jijjiga ta sama da ƙasa, wani yana kallon bangon. In ya motsa tare da ita, gam ba shi da abin yi a nan, ƙara matse noti ma murƙushe katakon zai ƙara yi. Aikin masu faiba ne.

In kuwa ruwan ba ya zuwa sai inji ya tashi, buɗe murfi ka kalla da idonka yana aiki, ka dai kiyaye hannun riga da bel. Injin jirgi ruwan da yake kai yake zuƙa ya sanyaya kansa, ya fitar da shi tare da hayaƙi, don haka duk hanyar nan abar dubawa ce. Famfon ruwan inji yana da 'yar kafa a ƙasansa da aka yi musamman don ta yi ɗigo idan sil ɗinsa ya mutu. Farin gishiri ko kore-kore da ya daskare a wurin shaida ce ko da ba ka ga ɗigon ba. Dubi matosan da ake zubar da ruwan inji da su, a injinan MerCruiser da yawa shuɗaye ne na roba, kowanne da zobensa. Dubi mahaɗar manyan ƙarafan hayaƙi da ke gefen inji: layin tsatsa da ya gangaro daga mahaɗa yana nufin gasket ya ci. Wannan kada a yi masa jinkiri, domin ruwan da ke fitowa waje yana iya komawa ciki ya shiga silinda. Zaro sandar gwajin baƙin mai. In man ya koma kalar shayi da madara, ruwa ya shiga, a kashe inji.

Tunda ka ce daga Amurka jirgin ya zo, ga wani abu da makanikin da bai taɓa zama ƙasar sanyi ba zai iya tsallakewa. Ruwa in ya daskare yana ƙara girma da kusan kashi 9 cikin 100. Jirgin da aka bari da ruwa a cikin inji lokacin sanyinsu, ƙanƙara tana tsaga gangar injin ko ƙarafan hayaƙi. Tsagar siririya ce kamar gashi, yawanci a kwance a gefen ganga, wani lokaci an shafe ta da gam an fesa fenti kafin a sayar. Wani lokaci ba ta yoyo sai inji ya yi zafi. Shafa gefen gangar ta ƙasa, ka nemi layin tsatsa ko wurin da fentinsa ya fi na kewaye sabunta.

Ruwan da ba ya zuwa sai an yi gudu ko an sha igiyar ruwa, sama da layin ruwa ƙofarsa take. Babban abin zargi shi ne mahaɗar gangar jirgi da rufinsa, wadda ke ɓoye a ƙarƙashin robar da ta zagaye jirgi don kare shi daga gogar gaɓa. Bugu ɗaya a jikin jeti ya isa ya buɗe ta. Sai akwatin anga a hanci, wanda magudanarsa kan toshe ko tiyonta ya cire. Sai bakunan roba da ke gefen jirgi, waɗanda rana ke gasawa har su tsage ta wuya. Irin waɗannan suna iya zama santimita kaɗan sama da ruwa in jirgi ba kowa, amma mutum shida su zauna a baya sai su nutse.

Ruwan sama kuma kada ka raina shi. Milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce cif. In filin zaman jirginka murabba'in mita 4 ne aka yi ruwa na milimita 25, wanda ba komai ba ne a Legas a watan Yuni, lita 100 ke nan ta sauka. A ƙananan jirage da yawa, an ƙera su ne ruwan daɓe ya gangara kwarmi kai tsaye, famfo ya fitar. In naka haka yake, ba yoyo gare ka ba, tamfol mai kyau kake buƙata, da sanda a tsakiya don kada ya yi tafki. In kuwa daɓen yana da magudanai masu kai ruwa waje, zuba bokiti ɗaya a kowace, wani ya duba ko ya fita ta waje ko ya ɓace a hanya. Gwajin tagogi, murafu da gindin ƙarafan riƙewa da tiyon ruwa ake yi, mutum ɗaya a waje, ɗaya a ciki da tocila. A fara daga wuri mafi ƙasa, a tsaya minti 5 zuwa 10 a kowane wuri kafin a hau sama. Wanda ya fara daga sama ya jiƙa komai, ba zai san wanne ne ya yi yoyo ba. Kada a yi da injin wankin mota, ƙarfinsa yana tura ruwa inda ruwan sama ba zai taɓa shiga ba.

Wani lokaci kuma famfon kwarmin ne da kansa, ƙaiƙayi koma kan masheƙiya. In ya tsaya, duk ruwan da ke cikin tiyonsa dawowa yake yi. Tiyo mai faɗin milimita 19, tsawon mita 3, yana riƙe kusan lita ɗaya. Wannan ba ciwo ba ne, kuma ba famfon da ke tsotse kwarmi tas. Abin tsoro shi ne bakin fitar ruwan ya yi kusa da layin ruwa ba tare da tiyon ya yi baka sama ba. Da zarar bakin ya nutse, tiyon sai ya koma zuƙo lagun zuwa ciki. A ɗaga tsakiyar tiyon sama sosai a ɗaure. Sa bawul mai hana komawa a wannan layin ba dabara ba ce mai kyau, yana rage ƙarfin famfo kuma datti na maƙale shi. In jirgin yana da tankin ruwan sha, rufe duk kawunan famfo ka saurara: in famfon matsin ruwa yana tashi shi kaɗai jefi-jefi, layin yana yoyo. Zuba kalar abinci a tankin, ka ga ko za ta bayyana a kwarmi. Na'urar sanyaya ɗaki da akwatin ƙanƙara su ma suna tsiyayar da ruwa, kuma a wasu jiragen kwarmi aka nufa da shi tun daga masana'anta.

Ga masu karatu da jiragensu ba irin na Alhaji ba ne, a taƙaice. Mai injin da sandar farfelarsa ta ratsa ƙasan jirgi ya dubi maƙurar sandar: irin ta da, mai igiyar maiƙo a ciki, an yi ta ne ta riƙa ɗigo biyu ko uku a minti in sanda na juyawa, ta kusa tsayawa in an kashe. In ta wuce haka a matse notin kaɗan-kaɗan, ana taɓawa, in ta yi zafin da hannu ba zai jure ba an matse da yawa. Mai injin ratayawa ya dubi notocin da suka riƙe injin da magudanan kwamin da ke gabansa. Mai jirgin alminiyom, ribit ne ke saki. Mai jirgin filafilai ya ƙara da notocin ƙarfen nauyi na ƙasa da kuma ruwan sama da ke bin cikin doguwar sanda.

In duk an yi wannan ba a gani ba, sai a juya gwajin. Fitar da jirgi a kan tirela a wuri busasshe, a wanke, a bar waje ya bushe, a sa matoshi, a zuba ruwa a ciki, a kwanta a ƙasa ana kallon inda zai ɗigo. A yi hattara da yawa: kowace lita kilo ɗaya ce, kuma ba a ƙera jirgi ko tirela don ɗaukar nauyi ta ciki haka ba. Santimita 10 zuwa 15 ya isa, kada ya kai ga kik ɗin inji ko wayoyi, a cire batir tukuna. A ɗaga hancin tirela ruwan ya koma baya, sannan a sauke ya koma gaba. Wannan yana kama tsagar gangar jirgi, matoshi da ribit. Ba ya kama robobin ƙafar farfela, su da ido da yatsa ake buɗe ninkinsu ɗaya bayan ɗaya. Tun da jirgi na tudu, a dubi ƙasansa inda yake zama a kan tirela da inda ya saba gogar yashi.

Game da gam ɗin makaniki: shafa shi ta waje a kewayen abu ba ya riƙewa, domin ruwan a ƙarƙashi yake bi. Ana kwance abin gaba ɗaya, a kankare tsohon gam, a goge, a bar ramin ya bushe, a sa sabo a ƙarƙashi da cikin ramin sukuru, sannan a ɗaure har ya ɗan fito ta gefe. Sikaflex 291 ko 3M 4200 sun dace da abin da wata rana za a so cirewa. 3M 5200 kamu yake yi na har abada, cire shi yakan taho da fatar faiba. Silikon ɗin banɗaki ba na ƙasan ruwa ba ne, kuma inda ya taɓa zama wani gam ba ya kamawa sai an goge wurin sosai, saboda haka a tambayi makanikin wanne ya shafa, a kuma ina.

Akwai iyakar da in an kai, bincike ya ƙare, fitar da jirgi ya kama. Rami mai faɗin milimita 25 a zurfin santimita 30 ƙasa da layin ruwa yana shigo da fiye da lita 40 a minti ɗaya. Ƙaramin famfon da aka rubuta wa galan 500 a awa, wato kimanin lita 1,900, ko a takarda bai kai wannan ba, balle an haɗa shi da dogon tiyo da batir mai rauni. In ka ga ruwa na gudu ba ɗigo ba, ko ƙirgen tashin famfo na ƙaruwa daga dare zuwa dare, ko gwajin ɗaga ƙafa ya nuna robar ce, kada jirgin ya sake kwana a ruwa. Kafin ranar fitarwa, ɗaga makunnin famfon da yatsa ka tabbatar yana tashi, share ragar gindinsa, cika batir, sauke ƙafar ƙasa, sitiyari a tsakiya, kuma ka bar wa mai gadin jeti lambarka.